Daga Rijiyar Oloibiri Zuwa Murhun Gidanmu

Bayan gaisuwa ga malamanmu da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina so in ɗan waiwaya baya game da abin da ya addabi kowa a yau, wato tsadar mai. Malaminmu na tarihi ya sha faɗa mana cewa wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, ba zai san inda ya bushe ba.

A shekarar 1956 aka gano man fetur a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yanzu, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Amma shekarar da ta juya mana rayuwa ita ce 1973. A watan Oktoba na wannan shekara yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayenta mai, gangar da ake sayarwa kusan Dala 3 ta tashi zuwa wajen Dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi suka kwararo wa Nijeriya. To, a daidai wannan lokaci fari ya far wa Arewa da Jamhuriyar Nijar, dabbobi suka yi ta mutuwa, amfanin gona ya ƙone. Baƙi biyu ke nan suka yi mana sallama rana ɗaya, muka shimfiɗa wa mai tabarma, muka manta da fari a bakin ƙofa.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Bayan matatar Fatakwal ta 1965, an buɗe ta Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sannan ta biyu a Fatakwal a 1989. Sai dai rashin gyara ya durƙusar da su, ƙasa mai arzikin mai ta koma sayo tatacce daga waje, gwamnati tana cike giɓin farashi da sunan tallafi. A Janairun 2012 aka janye tallafin, lita ta tashi daga Naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito zanga-zanga, aka maido ta 97. A 2016 ta koma 145. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura Naira 1,000 a wurare da dama.

Ga inda baƙin nan biyu suka sake haɗuwa. Duk lokacin da mai ya tashi, kananzir da gas sukan bi shi, uwargida kuma ta koma itace da gawayi. Ni kaina, ma'aikacin gwamnati mai digiri, da albashi ya gaza sai na sayo buhun gawayi na ajiye tukunyar gas. Da na ga an sauke buhun, sai na tuna dogon yaron da aka sa kowannenmu ya dasa a aji ɗaya, muna ba shi ruwa da bokiti kafin karin kumallo. Bishiya nawa aka sare kafin buhun nan ya cika? Ga damina ta rikice, ga hamada tana matsowa, mu kuma muna sare katangar da ke tare ta don mu dafa tuwo.

Matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma abin farin ciki ne, amma tarihi ya nuna mana haɗarin rataya rayuwa a igiya ɗaya. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita kyauta. Shawarata ga ƙungiya ita ce, a taronmu na gaba mu tara kuɗi mu sa wa rijiyar burtsatsen makaranta faranti mai aiki da hasken rana, mu saya wa kicin murhu mai tsimin itace, kowane rukuni kuma ya dasa bishiyoyi ya ɗauki nauyin renonsu. Da sandar da ke hannu ake jifa.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, amin.