Juyar Littafi da Alamar Mukabala a Ƙasar Kano

Tun kafin injin ɗab'i ya iso ƙasar Hausa, ɗalibin ilimi a karkarar arewacin Kano, ko a Bichi yake ko Dambatta ko Minjibir, inda gona ke manne da gona, ƙauye kuma na hango ƙauye, idan ya buƙaci Risala ko Ishiriniya ko Muhtasar, ba shi da wata hanya face ya aro uwar littafin a wurin malaminsa, ya dakata har a kai gero da dawa rumbu, sa'an nan ya duƙufa da rani yana juyar ta da alƙalamin kara, bisa takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus a ƙarni na 19.

Amma malamai ba su ɗaukar sabon juyi a matsayin hujja, komai kyawun rubutunsa, sai an yi masa mukabala, watau ɗaya na karanta uwa ɗaya na bin juyi, ana gyara tuntuɓen alƙalami a hashiya, ana kuma sanya alama a inda aka tsaya, domin mai buɗewa ya rarrabe abin da aka tantance da wanda ba a kai gare shi ba tukuna. A ƙarshe sau da yawa marubuci kan ambaci sunansa da na mai littafin, ya roƙi gafara bisa abin da ya kuskure.

Wannan ladabi shi ne masu manhajar kwamfuta suka tarar da hikimarsa daga baya, domin tun da Linus Torvalds ya saki manhajar Linux a 1991, aka kuma halatta wa kowa ya ɗauki asalin rubutunta ya gina tasa, ya wajaba a san wace ta nuna, wace ke kan wuta. Saboda haka, daga 1994 zuwa 2003, a lambar kowace sigar Linux, lamba ta biyu mara, kamar 2.5, ke nuna ta gwaji, cika kuma, kamar 2.4, ta amfanin jama'a.

Bugun littattafai a Kano, wanda ya yaɗu tun shekarun 1950, ya rage wahalar juyi, amma bai soke hukuncin ba: wanda ya miƙa wa jama'a aikin da bai tantance ba, alhali bai bayyana haka ba, ya ci amanar ilimi.