Lanho Bai Tambayar Asali: Haraji da Takardar Makaranta a Tarihin Hausawan Abijan

Duk wanda ya taɓa raka gawa maƙabartar Williamsville ya san ƙasar nan ta rufe Hausawa masu yawa. A can aka kwantar da dattawan da suka baro Tawa da Madawa da Maraɗi da Katsina suna samari, suka tsufa a Adjamé da Treichville, suka bar jikokin da Julanci da Faransanci suka fi Hausa zama a bakinsu. Ƙasar da ta rufe su ba ta tambaye su asali ba. Mai karɓar lanho ma bai taɓa tambaya ba, tun suna raye. Inda ake tambaya shi ne ranar da jikan nasu zai zauna jarrabawa, ko ranar da ya gama karatu ya nemi aikin gwamnati. Abijan ba a bakin iyaka take ba, sai an yi tafiya kafin a kai Noé, amma ga Bahaushen birnin nan iyakar tana cikin jakar takardunsa. Ga yadda aka yi ta shiga can.

Hausawa sun riga mulkin mallaka zuwa wannan ƙasa. Lokacin da Binger ya shiga Kong a 1888 ya tarar da Hausawa marina da unguwarsu, kuma fataken goro sun daɗe da sanin hanyar Bonduku. Shekara biyar bayan haka, a 1893, Faransa ta kafa mulkinta a Kodebuwa, Binger ɗin nan ne kuma gwamna na farko. A 1901 aka ɗora lanhon kai, faran biyu da rabi a kan kowane mutum da ya haura shekara goma. Falke kuma sai ya yanki patanti kafin ya kasa kayansa. Ga aikin tilas a kan hanya da gonakin Turawa, wanda bai ƙare ba sai a 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A wancan zamani babu ɗan ƙasa babu baƙo a idon mai mulki. Da Bahaushen Tawa da Ba'ule na Bouaké duk talakawan Faransa ne, tuta ɗaya ke kansu, lanho ɗaya suke biya.

Abin da Bature ya raba shi ne wurin kwana. Da aka mai da babban birni Abijan a 1934, sai ya riƙe Plateau ya zauna, ya tura baƙar fata gefe biyu. A kudu, ƙetaren ruwa, aka yanka filayen Anoumabo aka sa wa wurin Treichville, don tunawa da Treich-Laplène. Gadar da ke kan ruwa tun 1931 ita ce ta haɗa su da Plateau. A arewa kuwa barikokin soja ne suka tsaya tsakanin Plateau da Adjamé, ƙauyen Ebriye da ya zama mashigar duk mai zuwa daga arewa. Nan kakanninmu suka sauka, wasu a ƙafa, wasu a jirgin ƙasa. Jirgin nan, abin dariya, sunansa Abijan-Nijar: an fara shimfiɗa shi a 1904, ya kai Bouaké a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954, har yau kuma bai taka ƙasar Nijar ba. Mutanen Nijar ne suka riƙa zuwa suna tarar da shi. Da aka buɗe mashigin Vridi a 1950, tashar jiragen ruwa ta bunƙasa, birnin ya riƙa haɗiye mutane, gidajen haya masu tsakar gida ɗaya suka cika da 'yan goro da mahauta da 'yan koli da masu gadi.

Bayan samun mulkin kai a 1960, Houphouët-Boigny ya bar ƙofa a buɗe. Ya ce ƙasa ta wanda ya noma ta ce, baƙi 'yan Afirka kuma sun riƙa jefa ƙuri'a har zaɓen 1990. Dattawa da yawa har gobe suna kiran wannan lokaci da alheri, kuma suna da gaskiya. Sai dai alherin na mutum ne, ba a rubuta shi a doka ba, kuma tun a lokacin akwai alamun hadari. A Oktoban 1958 an yi tarzoma a Abijan aka kori dubban 'yan Dahomey da Togo, waɗanda aka ce sun mamaye aikin ofis. Da shugaban ya kawo shawarar 'yan ƙasashen Entente, har da Nijar, su riƙe shaidar ƙasa biyu, manyan jam'iyyarsa da ma'aikata suka ƙi, aka binne maganar a 1966. A lura da abin da ake faɗa a kansa duk sau biyun: kujerar ofis, wato amfanin karatu. Babu wanda ya tayar da hankali don baƙo na dakon kaya a kasuwa.

Babbar asara ta faru a ɓoye, ba tare da hayaniya ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 1961 ta bi jini: wanda aka haifa a Kodebuwa ɗan ƙasa ne, sai fa in iyayensa duka biyu baƙi ne. Amma ta bar ƙofofi biyu. Baƙon da ke zaune tun kafin mulkin kai an ba shi shekara guda ya nemi zama ɗan ƙasa cikin sauƙi, yaron da baƙi suka haifa a nan kuma yana iya zama ɗan ƙasa ta hanyar rubuta sanarwa kafin ya balaga a idon doka. Kaɗan ne suka shiga. Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Mutumin da ke zaɓe, yana da rumfa, yana biyan patanti, babu mai tsare shi a hanya, me zai kai shi kotu neman takarda? Ga kuma tunanin ɗan ci-rani, wanda kullum yake cewa baɗi zai koma gida, ko da ya yi shekara arba'in yana faɗin haka. A Disamban 1972 aka rufe ƙofar yaran. Daga ranar, ɗan da aka haifa a Treichville, wanda bai taɓa ganin Dutsin Ader ba, baƙo ne, ɗansa ma baƙo ne.

Ba a ji zafin wannan ba sai da kuɗin koko ya faɗi, baitulmali ya bushe. A 1990 aka yi dokar katin zama, aka fara aiki da ita a 1991, lokacin Alassane Ouattara na firaminista. Ɗan ƙasashen CEDEAO zai biya jika biyar a shekara, daga baya kuma aka ƙara. Lanho ne sabo, da sunan takarda. Muninsa ya wuce kuɗin, domin ya ba duk mai kaki dalilin tsayar da gbaka ya duba fuska da suna da riga. 'Yan arewacin Kodebuwa kansu, masu sunaye irin namu, sun sha abin da muka sha. Sai ga dokar zaɓe ta 1994 ta cire baƙi daga ƙuri'a, Bédié ya zo da aƙidarsa ta tantance ɗan ƙasa na asali, dokar 1998 kuma ta ce filin karkara ɗan ƙasa kaɗai zai mallake shi. Ƙidayar wannan shekara ta ce kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, alhali da yawansu nan aka yanke musu cibiya. Inda wannan hanya ta kai ƙasar a 2002 kowa ya sani. Laurent Gbagbo ne ya soke katin ga 'yan CEDEAO a ƙarshen 2007.

Duk tsawon wannan lokaci lanhon gida bai taɓa bambanta kowa ba. Hukumar haraji ta ƙasa ce ke karɓarsa, wani kaso kuma ya koma wa ƙananan hukumomi irin su Adjamé da Treichville, waɗanda suka samu magadan garinsu tun 1980. Akasarin Hausawa 'yan haya ne, don haka wasu ke ɗauka bai shafe su ba. Ya shafe su mana. Mai gida ba daga aljihunsa yake biya ba, cikin kuɗin ɗaki yake zuba shi, kuma mai ɗaki ɗaya a Williamsville yana biyan rabonsa duk wata ba tare da an ba shi rasit ba. Dokar haya ta 2018 ta taƙaita abin da za a karɓa wajen shiga gida, wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya, amma ba ta hana lanho bin wannan hanya ba. A haɗa da tikitin kasuwa na kullum da patantin shago, za a ga mai sayar da garba da mai tukubar nama suna cikin masu ɗauke da birnin nan a kafaɗa, tare da makarantunsa.

A makarantar ne lissafin ke karkacewa. Tun 2015 karatu wajibi ne ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16, kuma makarantar gwamnati ba ta korar ɗan baƙo. Wannan abin yabo ne. Amma jarrabawar CEPE tana neman takardar haihuwa, ita kuma sai an rubuta yaro a ofishin magajin gari cikin wata uku da haihuwarsa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta kotu. Gidaje nawa ne aka yanka rago ranar suna, aka tara maroƙa, aka manta da ofishin da ke bayan layi? Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, domin a 2017 sai da gwamnati ta yi aiki na musamman don ba ɗalibai fiye da miliyan ɗaya takarda. Sai dai ta fi yi mana nauyi, saboda yaron Ba'ule marar takarda yana da ƙauye da dangin da za su shaide shi, namu kuwa ofishin jakadancin Nijar ko na Najeriya ma zai nemi shaidar uba da kaka kafin ya karɓe shi. Wanda kuma ya tsallake duk wannan, ya ci BEPC da BAC, zai tarar jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko ta malanta ko ta ENA, tana neman shaidar zama ɗan ƙasa. Nan ƙofar da aka rufe a 1972 ke jiran sa.

An ɗan sake buɗe ta da dokar Satumban 2013, ga waɗanda da sun cancanta a ƙarƙashin tsohuwar doka da zuriyarsu, na tsawon shekara biyu. Wasu sun samu. Da yawa sun je aka nemi shaidar cewa kakansu na nan kafin 1960, suka rasa abin nunawa, alhali tsohon ya shekara hamsin yana biyan lanho. Rasit ɗin ne ba wanda ya adana.

Yanzu kuma ga sabon lamari. Sassaucin 2007 an rataya shi ne a kan zama ɗan CEDEAO, Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanen ƙasashen uku su yi zirga-zirga da zama kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. A kan wannan “har sai” ɗin Hausawan Nijar na Adjamé da Treichville ke zaune a yau, su da 'ya'yansu da ke aji shida suna shirin CEPE.