Moro-moro: yadda dandali ya raɗa wa mutane suna

Ku dubi kalmar nan "moro". Da ita Sipaniyawa suke kiran Musulmin arewacin Afirka, tushenta guda da sunan Muritaniya. Da suka mamaye tsibiran Filipin a ƙarni na 16, suka tarar da Musulmi a kudu, sai kawai suka liƙa musu tsohon sunan.

Abin da ya kafa sunan daram a bakin talaka, a ganina, wasan kwaikwayo ne. A 1637 aka yi wasa a Manila don murnar nasarar gwamna Corcuera kan Sarki Kudarat na Mindanawo. A hankali komedya, wadda ake ce wa moro-moro, ta bazu cikin harsunan ƙasar: Kirista da Moro su gwabza da takobi, Moro ya sha kashi, gimbiyarsu ta karɓi baftisma, a ɗaura aure. Kowace shekara, ranar bikin waliyyin gari!

To amma masu bincike irin su Nicanor Tiongson, da suka bi garuruwa suna karanta tsoffin rubutun wasan, sun ga wani abu. Moron dandali galibi ɗan Turkiyya ne ko Farisa, kuma ƴan wasa da dama cika alwashi suke yi ga waliyyi. Wai ba da maƙwabci ake ba. Sai dai yaron da ke kallo, ina ruwansa da Farisa? Sunan ya ji.

Musulmin kudu ba su yar da sunan ba, ɗauka suka yi. Ƙungiyar tawayen Nur Misuwari ta sa shi cikin sunanta, yankinsu mai cin gashin kai da aka kafa a 2019 kuma Bangsamoro yake.