INA KAKANNINMU MATA A TAKARDA?

'Yan uwana mata, a cikinmu wace ce za ta iya kawo sunan kakar kakarta? Na sha yin wannan tambaya a gidajen biki a Karaye, sai a yi ta dariya, a ce ai "Iya" ake ce mata, ko "Goggo ta Rogo". Sunan yanka kuwa ya bi ta kabari.

Da na tashi neman asalin gidanmu, takardun Turawa na fara bi. Bayan sun ci Kano a 1903, sun riƙa tura jami'ansu gunduma-gunduma suna ƙidaya gidaje da gonaki da shanu saboda haraji da jangali. Rahotannin nan suna ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Za ki ga sunan hakimi da dagaci, wani lokaci har da labarin kafuwar gari. Amma mace? Lamba ce kawai, mata kaza a ƙauye kaza. Rasit ɗin haraji ma, wanda tsofaffi ke adanawa a cikin gafaka, sunan magidanci yake ɗauke da shi, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke harajin a 1979.

Inda na ga mace ta fito da sunanta shi ne littafin alƙali, wajen rabon gado. Shari'a ba ta yarda a tsallake 'ya ko matar mamaci ba, dole a ambace ta a faɗi rabonta. Sai dai da Larabci ake rubutawa, sai kin nemi malami ya karanta miki.

To amma mu ma da laifinmu. Alkunya ta sa ba a kiran sunan miji, ba a kiran na ɗan fari ko na suruka, sai laƙabi. Kunya ado ce, ban musa ba, amma ta cinye mana sunaye da yawa.

Ga wata da ta tsira. Baba mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Rogo ta yanzu, an haife ta wajen 1877. Ba ta yi boko ba, ba ta kuma haihu ba duk da aure huɗu da ta yi. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, tana ba ta labari ita kuma tana rubutawa. Ta faɗi yadda kakanninta Barebari suka taso daga Borno, ta lissafo iyaye da goggonni da kishiyoyi, wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙon wa. Ta ba da labarin rinjin bayi na gidansu, da mahara masu kama mutane a wannan iyaka ta Kano da Zazzau, da zuwan Nasara. Ta rasu a 1951, Allah Ya jiƙanta, littafin ya fito a Ingila a 1954. Yau har a Amurka ana karanta zuriyar gidansu a jami'o'i, mu da muke maƙwabtan Zarewa ba mu san namu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne shaidun suna ƙarewa. Tsagar fuska da ake gane Babarbariya ko Bakatsiniya da ita an daina yi. Madatsar ruwan Challawa da aka gama a 1992 ta tashi ƙauyuka a ƙasar Karaye, kufai da maƙabartu suna ƙarƙashin ruwa.

Ni dai littafin makaranta na saya mai shafi arba'in. Duk tsohuwar da na samu, nakan kai mata goro, in bari sai maza sun fita, sannan in tambaye ta daga wane gari aka kawo mahaifiyarta, kuma a zamanin wane Sarkin Karaye. In kunya ta hana ta kiran suna, sai in ce ta nuna mini jikar da aka yi wa takwara.