Baƙon da ya koyi siyasar Japan a gidan ɗan takara

A shekarar 1966 wani saurayi Ba'amurke mai suna Gerald Curtis ya sauka a Beppu, garin da ya yi suna da maɓuɓɓugan ruwan zafi a tsibirin Kyushu na ƙasar Japan. An haife shi a New York a 1940, kuma a lokacin ɗalibi ne a Jami'ar Columbia, yana neman abin da zai rubuta kundin digirinsa na uku a kai. Nakasone Yasuhiro, wanda daga baya ya zama firaminista, shi ya haɗa shi da wani ɗan takarar majalisar dokoki na jam'iyya mai mulki ta LDP, Sato Bunsei. Sato ya sauke shi a gidansa, ya bar shi yana bin sa taruka da ziyarce-ziyarce har zuwa zaɓen watan Janairu na 1967, wanda ya ci.

Abin da Curtis ya gani a wannan zama ya zama littafinsa na farko, wanda ya fito a 1971 a kan yadda ake yaƙin neman zaɓe a Japan. A wancan zamani yawancin mazaɓu na da kujeru 3 zuwa 5, alhali mai zaɓe ƙuri'a ɗaya tak yake jefawa. Saboda haka babban abokin hamayyar ɗan LDP shi ne ɗan'uwansa na jam'iyya, tunda magoya baya ɗaya suke rabawa. Ga shi kuma doka ta hana bin gida-gida roƙon ƙuri'a tun 1925. Dole kowane ɗan takara ya kafa ƙungiyar magoya bayansa ta kansa, wadda ake kira koenkai, ya riƙa halartar aure da jana'iza, yana kula da masu faɗa a ji na ƙauyuka shekara da shekaru. Da aka fassara littafin zuwa Japananci, ƴan ƙasar suka yi ta sayensa, don baƙo ya bayyana musu abin da suka saba gani har suka daina lura da shi.

Curtis ya fara koyarwa a Columbia a 1968, bai yi ritaya ba sai a 2015. A tsakani ya shugabanci cibiyar nazarin Gabashin Asiya ta jami'ar, ya riƙa rubutu a jaridun Japan, yana sharhi da harshensu a talabijin. A littattafansa na 1988 da 1999 ya ƙi yarda da masu jingina komai ga wata al'ada ta Japanawa da baƙo ba ya iya fahimta. A ganinsa, dokokin zaɓe da lissafin ƴan siyasa su ke tsara halayensu, kuma in doka ta sauya, hali ma yakan sauya. Tarihi ya ba shi damar gwada wannan ra'ayi: LDP ta rasa mulki a 1993 bayan shekara 38, aka soke tsohon tsarin zaɓe a 1994, aka koma ga kujeru 300 na mazaɓu masu wakili ɗaya da 200 na rabo tsakanin jam'iyyu. Sannu a hankali ƙarfin ɓangarorin cikin jam'iyya ya ragu, na shugabanta ya ƙaru.

Sai dai wannan hanya tana da nata haɗari. Curtis ya san firaministoci da dama ido da ido. Koizumi Shinjiro, ɗan tsohon firaminista Koizumi Junichiro, ya yi karatu a hannunsa. Gwamnatin Japan kuma ta ba shi lambar girmamawa a 2004. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma masanin da manya suka buɗe wa ƙofa yakan yi ta auna abin da zai faɗa don kada a rufe ta. Wanda ya tsaya daga nesa yana da ƴancin baki, amma sau da yawa da ji-ta-ji-ta yake aiki.

Curtis ya zaɓi shiga ciki, ya ɗauki nauyin da ke tattare da hakan. Tsarin zaɓen da ya bayyana a Beppu ya shuɗe, amma ɗaliban siyasar Japan ba su ajiye littafin ba, domin wanda ya rubuta shi ya zauna a inda ake neman ƙuri'ar, ya gani da idonsa.