Ranchers Bees da ƙungiyoyin ƙwallon Kaduna: rashin kuɗi da sauyin hannu

Duk matafiyin da ya taso daga Abuja zuwa Kaduna, Gonin Gora ce unguwar da ke fara tarbarsa kafin ya kai Kakuri da gadar Kogin Kaduna. Kamar sauran unguwannin kudancin birnin, a nan ma matasa na cika gidajen kallon ƙwallo a ƙarshen mako domin wasannin Ingila da Spaniya.

Abin da ba su cika samu ba shi ne ƙungiyar garinsu da za su je filin wasa su kalla a babbar gasar Najeriya. Daga tsakiyar shekarar 2019 zuwa ƙarshen kakar 2024/2025, babu wata ƙungiya ta Kaduna da ta buga a wannan gasa.

Wannan kuwa birni ne da ya haifi Rashidi Yekini da Daniel Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro. 'Yan wasa ba su taɓa yi wa Kaduna ƙaranci ba. Matsalar ita ce wanda zai riƙe ƙungiya, ya biya albashi, ya kuma ɗore a kan haka.

Zamanin kamfanoni

Ƙwallon ƙafar Kaduna ta girma ne a inuwar masana'antu, kuma galibinsu a kudancin kogin suke. An buɗe masaƙar KTL a 1957, aka kafa ma'aikatar ƙera makamai ta DIC a 1964, ga kuma babbar masaƙar UNTL, dukkansu a yankin Kakuri.

A wancan zamani kamfani kan kafa ƙungiya, ya ɗauki 'yan wasa a matsayin ma'aikatansa, ya biya su daga asusunsa. A ƙungiyar UNTL Yekini ya fara fitowa a farkon shekarun 1980, kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan, daga baya ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993.

Ita kuwa ma'aikatar makamai, ƙungiyarta ita ce DIC Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, inda Enugu Rangers ta doke ta a bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Raunin wannan tsari shi ne ƙungiya ba ta da kuɗin shiga na kanta. Ranar da cinikin kamfani ya ja baya, ƙwallo ce ta farko da ake yankewa. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da aka shigo da shi a 1986, da faɗuwar darajar naira, da kwararowar atamfofin waje ta ɓarauniyar hanya, sun durƙusar da masaƙun ɗaya bayan ɗaya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Dubban ma'aikatan da ke zaune a Kakuri da Nasarawa da Gonin Gora, waɗanda su ne 'yan kallo masu sayen tikiti, suka rasa abin yi.

Aruwa da Ranchers Bees

A tsakiyar shekarun 1980 ne DIC Bees ta koma hannun ɗan kasuwa Alhaji Mukhtar Mohammed Aruwa, aka sauya mata suna zuwa Ranchers Bees. Magoya baya sun fi kiran 'yan wasanta da 'ya'yan Aruwa, kuma wannan laƙabi kaɗai ya isa ya nuna inda ƙarfin ƙungiyar yake.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi a tarihin ƙwallon Kaduna. A 1987 Ranchers ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, Abiola Babes ta Abeokuta ta yi nasara a kanta. Sai dai a ƙarshen wannan shekara Cif M.K.O. Abiola ya rusa ƙungiyarsa, kamar yadda masu Leventis United ta Ibadan suka yi da tasu. Hakan ya buɗe wa Ranchers ƙofar wakiltar Najeriya a gasar Afirka ta ƙungiyoyin da suka lashe kofunan ƙasashensu.

Ba ta ba da kunya ba. Ta kai har wasan ƙarshe a 1988, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta sha da ƙyar da ci ɗaya tal a wasanni biyu. A 1989 kuma ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta doke ASEC ta Abidjan.

A wannan lokaci ne Amokachi, yana matashi ƙwarai, ya ja hankalin kocin Najeriya Clemens Westerhof. Ya je gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, a shekarar kuma ya tafi Club Brugge ta Beljiyam.

Abin lura shi ne darasin yana nan a fili tun ranar da Ranchers ta samu gurbinta na Afirka: ta same shi ne saboda mai wata ƙungiya ya ce ya gaji. Ƙungiyar da ke rayuwa da aljihun mutum ɗaya, numfashinta na hannunsa. Aruwa ya shiga siyasa, ya wakilci Kaduna ta Tsakiya a majalisar dattawa daga 1999 zuwa 2007, ita kuwa ƙungiyar ta shiga hawa da sauka tsakanin rukuni na ɗaya da na biyu. Ta dawo babbar gasar a kakar 2009/2010, ta sake faɗuwa a ƙarshen kakar.

A Legas ma an ga makamancin haka, har ma ya fi muni. Stationery Stores, wadda Israel Adebajo ya kafa, ta lashe gasar ƙasa a 1992, amma rikicin gado tsakanin iyalan mamallakin ya ɗaiɗaita ta cikin 'yan shekaru, duk da tarin magoya bayan da take da su.

Hannun gwamnati

Da kamfanoni suka janye, attajirai suka yi sanyi, sai gwamnatocin jihohi suka zama masu mafi yawan ƙungiyoyin Najeriya. Ta jihar Kaduna ita ce Kaduna United.

A 2010, ƙarƙashin koci Maurice Cooreman ɗan Beljiyam, ta yi abin da Bees ta gaza yi sau biyu. An tashi uku da uku tsakaninta da Enyimba a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano, ta kuma yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A 2011 ta kai matakin rukuni a gasar Confederation ta Afirka.

Shekaru uku bayan haka, a 2014, ta faɗi daga babbar gasar, bayan an daɗe ana jin koken 'yan wasanta kan albashi da kuɗin sa hannu da ba a biya ba.

Yadda ƙungiyar gwamnati ke shiga irin wannan hali ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Kuɗinta na fitowa ne daga kasafin ma'aikatar wasanni, kuma sai an rubuta takarda an jira amincewa kafin a sake shi. Gasa kuwa ba ta jira. Dole mota ta tashi zuwa Aba ko Fatakwal ko Uyo, a biya masauki da abinci da alawus. Shugabannin ƙungiya naɗin gwamna ne, don haka duk sauyin gwamnati na iya zuwa da sabon kwamiti, wanda sau da yawa kan ɗauki bashin da ya tarar a matsayin na waɗanda suka gabace shi. Ɗan wasan da ke bin bashi ya rasa wanda zai kama: kwamiti ya ce ma'aikata, ma'aikata ta ce gidan gwamnati.

Tsarin kan yi aiki idan gwamna na son ƙwallo. Kano Pillars, wadda ita ma ta gwamnati ce, ta lashe gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Amma ko ita, a 2021 a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ta riƙa karɓar baƙuncin wasanninta na gida. Wato mutanen Kaduna sun ga babbar gasar a garinsu, sai dai da rigar maƙwabta.

Cinikin gurbi

Labarin Kada City ya fi kowanne gajarta. Ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda ta hau babbar gasar a kakar 2019 tare da Remo Stars da Bendel Insurance da Gombe United. Ba ta kai ƙarshen kakar ba. Ɗawainiyar ta fi ƙarfinta, aka sayar da gurbinta ga Delta Force ta Asaba. Kafin shekarar ta ƙare, Delta Force ma ta sayar da shi ga Kwara United, wadda ta faɗi daga gasar a filin wasa ta kuma dawo ta hanyar ciniki.

Cikin shekara guda ke nan, gurbin da aka samo da gumin 'yan wasan Kaduna ya tashi daga Kaduna zuwa Asaba, daga can zuwa Ilori. A Turai, ƙungiyar da ta talauce kan sayar da 'yan wasa ko hannun jari. A Najeriya, sau da yawa gurbin ne kaɗai kadarar da ke da mai saye, domin filin wasa na gwamnati ne, kwantiragin 'yan wasa gajere ne, kuɗin ƙofa kuma ba ya taka kara ya karya.

Ɗaya daga cikin jagororin Kada City, Ekene Adams, ya zama ɗan majalisar wakilai a 2023 daga mazaɓar Chikun da Kajuru, wadda Gonin Gora ke cikinta, ya kuma shugabanci kwamitin wasanni na majalisar. Ya rasu a watan Yulin 2024.

Asarar ba ta tsaya kan wasa ba. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mazauna Kaduna sun rarrabu, Musulmi galibi a arewacin kogi, Kirista galibi a kudanci. Filin wasa na cikin wurare ƙalilan da ɗan Tudun Wada da ɗan Gonin Gora ke zama a benci ɗaya suna goyon bayan abu ɗaya.

Sabbin masu Ranchers

A 2025 aka sanar da cewa Sadiq Umar, ɗan wasan gaban Najeriya haifaffen Kaduna, wanda ya ci tagulla a gasar Olympics ta Rio a 2016 ya kuma buga wa Roma da Almeria da Real Sociedad, ya shiga cikin masu mallakar Ranchers Bees tare da Bello El-Rufai, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kaduna ta Arewa. Ƙungiyar tana rukuni na biyu a lokacin.

A shekarar ce kuma Remo Stars ta Kunle Soname ta lashe gasar Najeriya, ƙungiya mai zaman kanta ta farko da ta yi hakan tun bayan Ocean Boys a 2006. Remo na da filin wasanta a Ikenne ta jihar Ogun, da makarantar horar da yara da take samun 'yan wasa daga ciki tana kuma sayar da su waje. Tare da Kada City ta hau gasar a 2019, ta faɗi a wannan kaka, amma ba ta sayar da gurbi ba, ta sake hawowa a 2021.