Kunnen Ƙwayar Kwalara: Nazarin Furotin CqsS da Mas'alar Rijiyoyin New Bell a Duwala

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin furotin CqsS, wanda ƙwayar kwalara take sauraron 'yan'uwanta da shi, ta auna abin da masana sarrafa ƙwayoyin gado suka gina a kansa, sa'an nan ta kafa hujja cewa amfanin wannan ilimi ga New Bell ya rataya ne a kan tahƙiƙin irin ƙwayar da ke cikin rijiyoyinta.

Muƙaddima

Duk wanda ya zauna a Unguwar Hausawa ta New Bell, ya ga yadda ake tona ƙasa kamu kaɗan a tarar da ruwa, ya kuma ga rijiya da masai suna maƙwabtaka a gida ɗaya saboda ƙuncin fili, ba zai yi mamaki ba in aka ce masa amai da gudawa, wato kwalara, wadda ta shigo Kamaru a 1971, ta sami wurin zama a Duwala. Annobar 2004 ta faro daga Bepanda, ta bazu zuwa New Bell, ta kama mutum wajen 5,000 a birnin. A 2013 kuma Akoachere da abokan aikinta na Jami'ar Buea suka wallafa cewa ƙwayar kwalara Vibrio cholerae O1 mai dafi, wadda magunguna da dama ba sa cin ta, tana nan daram a ruwan New Bell. To, idan magungunan kisa sun fara gazawa, ya wajaba a nemi wata ƙofa.

Bahasi

Tun a 1970 Nealson da Platt da Hastings suka lura cewa wata bakteriyar teku ba ta ba da haske sai ta yi yawa, daga nan aka gane cewa waɗannan halittu, duk da ƙanƙantarsu da rashin baki da kunne na zahiri, suna ƙidaya junansu ta hanyar sinadaran da kowace take fitarwa. A ƙwayar kwalara, ɗakin binciken Bonnie Bassler na Jami'ar Princeton a Amurka ya bayyana a 2002 cewa manyan kunnuwanta biyu ne: CqsS mai jin sinadarin CAI-1, wanda yake harshen dangi, da LuxPQ mai jin AI-2, wanda jinsuna da yawa suka yi tarayya a cikinsa, tamkar Hausa a kasuwannin Afirka ta Yamma.

Kunnuwan nan furotin ne na ajin kinas masu sauraro, suna kafe a fatar ƙwayar, sashe yana fuskantar waje, sashe yana ciki. Sa'ad da ƙwayoyin suke kaɗan, sinadarin bai taru ba, CqsS yakan ɗauko fosfet daga ATP ya ɗora a kan histidin nasa, ya miƙa wa furotin LuxU, shi kuma ya miƙa wa LuxO, kamar isnadin da ruwaya take bi daga malami zuwa almajiri, har umarni ya kai ga ƙwayoyin gado: a tsai da furotin HapR, a saki dafi, a gina yauƙin da ake maƙalewa da shi a bangon hanji. Amma da zarar jama'a ta cika, CAI-1 ya zauna a kan CqsS, sai silsilar ta juya, a janye fosfet ɗin, HapR ya bayyana, ya rufe dafi, ya kwance yauƙin, ƙwayoyin su saki hanji su fita tare da gudawa. Abin lura, wanda a ganinmu shi ne ƙashin bayan mas'alar, shi ne cewa kwalara tana ɓarna ne lokacin da take jin ita kaɗai ce, tana kuma yin ƙaura idan ta ji taro.

A kan wannan ne masana suka gina dabaru biyu. A 2010 Duan da March na Jami'ar Cornell suka sa bakteriyar hanji marar cutarwa, E. coli Nissle 1917, ta riƙa fitar da CAI-1 don a ruɗi kwalara ta ɗauka wuri ya cika. Jariran ɓerayen da aka ba ita sa'o'i 8 kafin cutar sun fi tsira nesa ba kusa ba. A 2018 kuwa Mao da Collins da abokansu suka yanko sashen sauraro na CqsS, suka haɗa shi da sashen isar da saƙo na furotin NisK a cikin Lactococcus lactis, wato bakteriyar da ake yin cuku da ita, ta yadda in ta ji CAI-1 sai ta fitar da wani sinadari da ake gane shi da sauyin launi a kashin ɓera.

Natija

Gwaje-gwajen nan biyu a ɓeraye aka yi su, saboda haka ba su ɗauke wa kowa larurar ruwan gishiri da sukari ko tsabtace rijiya da kulorin ba. Akwai kuma sharaɗin da bai kamata a tsallake ba: irin kwalarar da aka fara karanta dukkan gadonsa a 2000, wato N16961, yana da tawaya a ƙwayar gado ta hapR, ke nan ko an cika masa kunne da CAI-1 saƙon ba zai isa inda ake so ba. Dabarar ruɗi ba ta cin irin wannan.

Don haka muna kira ga Jami'ar Duwala, da Jami'ar Buea, da Cibiyar Pasteur ta Kamaru da ke Yawunde, da su karanta cqsS da luxO da hapR na ƙwayoyin da ake samu a rijiyoyin New Bell da majinyatan Asibitin Laquintinie, damina da rani, tare da izinin masu gidaje da sahalewar limamai da masu unguwanni, su kuma mayar wa mutanen unguwar da sakamakon cikin harshen da suke ji.